Cukwin da Ya Ƙi Narkewa a Palladan

Man shanu idan ya ji wuta narkewa yake yi. Kitse ma haka, kakide ma haka. Amma ka yanka cukwin Fulani, mai taushin nan da ake sayarwa tsundum a cikin ruwansa, ka jefa a tafasasshen mai, ba zai narke ba. Zai yi ja ta waje, ya ƙara tauri, ya fito da siffar da ka yanka shi. Mun saba da hakan har ba ma ganin abin tambaya a ciki. To amma a ƙasar Suwizalan akwai wani abinci da suke ji da shi, fondu, wanda ba komai ba ne illa cukwi da aka narkar a tukunya har ya zama ruwa mai kauri, iyali su kewaye shi suna tsoma gutsattsarin burodi da dogon cokali mai yatsu. Can madara ce, nan ma madara ce. Me ya sa nasu yake narkewa, namu yake ƙi?

Tambayar ta shigo gidanmu na Palladan ne ta hannun 'yar yayata, wadda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ta ga abincin a waya, ta ƙudura sai ta yi shi, kuma da madarar awakin gida. Gidan yana bayan titin Sakkwato, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke ratsawa ta kanmu tun da hantsi. A bayan gida akwai jajayen awakin Goggo, wasu daga cikinsu na shayarwa a lokacin, kuma ba a taɓa tatsarsu don mutane ba. Da ƙyar Goggo ta yarda, bisa sharaɗin sai 'ya'yan sun ƙoshi tukuna.

Hanyar yin cukwin kuwa a wajen wata Bafulatana mai kawo mana nono aka samo ta. Aka tsinko ganyen tumfafiya, wadda ba ta wuyar samu a kangwayen unguwa, aka daddaka, aka jiƙa a cikin 'yar madara, aka tace. Da madarar tukunya ta yi ɗumi aka zuba ruwan ganyen, aka ci gaba da hura wuta har ta kusa tafasa. Nan take ta tsinke: farin dunƙule a sama, ruwa mai ɗan kore-kore a ƙasa. Aka kwashe a rariya ya tsane. Cukwi ya yi kyau, fari tas, ba tsami ko kaɗan. Washegari yarinyar ta goge shi a magogi, ta zuba a tukunya da ɗan ruwa, ta ɗora a kurfoti tana juyawa. Mai ya taso ya yi iyo a sama. Ruwa ya tsaya daban. Cukwin ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri da ke ƙara a haƙori. Ko alamar narkewa babu.

Wuta aka fara zargi, domin gawayi ba shi da linzami. Sai aka sake: aka tafasa ruwa a babbar tukunya, aka ɗora kwano a kan tururin, yadda zafi zai isa a hankali ba tare da ƙuna ba. Cukwin ya ɗumama, ya ɗan yi laushi, ya tsaya nan. Aka koma aka ƙara wuta sosai ko zafin ne bai isa ba, sai ya ƙanƙance ya fitar da sauran ruwan jikinsa. Ƙaramar wuta ba ta narkar ba, babba ba ta narkar ba. Wutar ranar girki dai ba ita ba ce.

"Kishiya, ai na gaya miki," in ji Goggo. "Nonon akuya ba shi da maiƙo. Kin taɓa ganin an kaɗa shi an fid da mai?"

Wannan zargin ya fi na farko nauyi, don mutane da yawa sun yarda da shi, kuma akwai abin da ya sa. Idan aka ajiye madarar saniya, maiƙonta kan taso ya kwanta a sama, ido na gani. Ta akuya ba ta cika yin haka ba. Ba don ba ta da mai ba ne. Ɗigon man da ke cikinta ƙanana ne, kuma ba sa manne wa juna su taso kamar na saniya, sai su zauna a watse cikin madarar. Farinta ma kan ruɗi mutum: akuya tana sarrafa launin ɗorawar da ke cikin ciyawa ta mayar da shi bitamin A kafin ya kai ga nono, shi ya sa man akuya fari ne. Jar akuyar nan tamu, wadda ake danganta ta da Sakkwato a Najeriya, da Maraɗi a Nijar, madararta ba ta da yawa amma tana da kauri. Mu a nan fatarta muka fi sani, fatar da ta ratsa Sahara ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, kuma har yau akwai cibiyar binciken fata a Samaru. A Maraɗi kuwa tun shekarun 1960 suke da cibiyar kiwon wannan akuya, kuma shan nononta a fura ba baƙon abu ba ne a ƙauyukansu.

Duk da haka magana ba ta wanke akuya, gwaji ne zai wanke ta. Aka sayo ɗanyar madarar shanu a wajen matan Fulanin da ke zama a kasuwar Samaru, aka yi mata daidai yadda aka yi wa ta akuya: tumfafiya, wuta, rariya. Dunƙulen ya fi na akuya ƙarfi da auki, wannan gaskiya ne, don nau'in furotin ɗin da ke sa dunƙule ya kama sosai ya fi yawa a madarar saniya. Amma da aka zo narkarwa, shi ma ƙememe ya ƙi. Akuya ta fita daga zargi.

Sai wani ɗan'uwanmu ya kawo nasa, kuma ya kusa kashe maganar baki ɗaya. Ya ce ya bincika ya ga da giyar inabi Turawa ke dafa abin, don haka ita ce ke narkar da shi, mu kuwa ba ruwanmu da wannan. Rabin zancensa gaskiya ne. Mafi yawan fondu a Suwizalan da farar giya ake haɗa shi, kuma tsohon bayanin girkinsa da aka samu a wani littafi na birnin Zurik na shekarar 1699 cukwi ne da giya. Amma a yankin Fribourg na ƙasar akwai fondu da ake yi da cukwinsu mai suna Vacherin da ruwa zalla, ba ɗigon giya, kuma yana narkewa sumul. Ban da haka, duk wanda ya taɓa ganin cukwin Turawa a kan burodi mai zafi ya san yana narkewa shi kaɗai ba tare da an zuba masa komai ba. Abin da giyar ke bayarwa a tukunya tsami ne, kuma tsami muna da shi a lemo. Sirrin yana cikin cukwin kansa, tun kafin ya shiga tukunya.

Daga nan ido ya koma kan tumfafiya. Yarinyar ta ce ƙila farin ruwanta mai danƙo ne ke ɗaure cukwin. Sai ta bi hanyar masu awara, waɗanda ke tsinka madarar waken suya da ruwan tsami: ta tafasa madarar akuya, ta matsa lemun tsami. Ta tsinke kuwa. Wannan cukwin ya fito daban da na farko, mai marmashi, da ɗan tsami-tsami. A tukunya ya watse ya zama tsaki, ya bushe, bai narke ba. Abubuwan tsinkawa biyu, sakamako ɗaya.

"Kawu, to me ya haɗa su?" ta tambaye ni. Ita da kanta ta ba da amsa: tafasa. Duka biyun a kan wuta mai tsanani aka tsinka su.

Wannan tunani ne mai kyau, kuma aka gwada shi. Aka yi kindirmo da madarar akuya, aka zuba a farin ƙyalle aka rataye ya kwana yana tsanewa. Aka samu cukwi mai laushi, mai tsami, wanda ake iya shafawa a burodi. Shi ne irin wanda Faransawa ke yi da madarar akuya suna sayarwa da tsada. Da aka ɗora shi a wuta shi kaɗai, sai ya rabu gida biyu, ruwa da gari. Da aka dama shi a cikin madara mai ɗumi da maburgi, sai ya baje ya zama farin romo mai santsi da daɗi. A gaskiya da yawa daga cikin abin da ake kira fondun cukwin akuya a gidajen Turai da Amurka wannan ne: cukwi mai laushi da aka dama a cikin maiƙon madara mai zafi. Amma damawa ce, ba narkewa ba. Idan ka ɗaga cokali ba ya bin sa, ba ya zare. Yarinyar ta ce ba shi ta gani ba. Ga shi ba a tsinka shi a kan wuta ba, kuma ya ƙi. Ke nan tafasa ba ita kaɗai ba ce.

A nan aka tsaya na ɗan lokaci. Bakin zaren ya fito ne daga ƙofar wani gida a layinmu, inda wani dattijo Buzu mutumin wajen Tawa ke gadi. Yana da cukwin ƙasarsu a jaka, busasshen nan mai faɗi da sirantaka da suke ci da shayi ko su daka a fura. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, da ganyen me ake tsinka wannan?" Ya ce ba ganye, ba lemo, ba wuta. Idan aka yanka ɗan akuya ko ɗan rago da bai fara cin ciyawa ba, akwai wani sashe na cikinsa, na ƙarshe kafin hanji, inda nonon uwarsa ke daskarewa. Shi ake cirewa, a sa gishiri, a shanya. Ranar yin cukwi sai a yanki kaɗan a jiƙa, a zuba ruwan a madarar da aka tatso yanzu da ɗuminta. Ta kama, a kwashe a shimfiɗa a kan tabarmar kara, rana ta busar. Muka kara wani ɓallin nasa a garwashin shayinsa. Ya yi ƙamshi, ya yi ja, bai narke ba. Sai ya ƙara wata magana da bai ɗauke ta komai ba: wai wanda bai gama bushewa ba, wanda ya kwana a lokacin zafi, idan yara suka kara shi a wuta yakan saki jiki har ya yi zare.

Ruwa ba ya tsami banza. Cukwi ɗaya, hannu ɗaya, amma a wani lokaci na rayuwarsa yana zare, kafin nan ba ya yi, bayan nan ba ya yi. Da wannan yarinyar ta shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'a ta nemi littattafan kimiyyar madara, kuma abin da ta samo ya bayyana kowane gwaji da aka yi a gidan, ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawan furotin ɗin madara, kusan kashi 80 cikin ɗari, wani ne da ake kira kasin. Yana yawo a madara a matsayin ƙananan dunƙule da ido ba ya gani, kuma abin da ke riƙe kowane dunƙule shi ne sinadarin kalsiyam. Idan madara ta tsinke, waɗannan dunƙulen ne ke haɗuwa su yi saƙa, mai da ruwa su maƙale a ramukan saƙar. A ɗauki kasin a matsayin kara, kalsiyam kuma igiyar ɗaurin. Idan aka ɗaure karan tamau ta ko'ina, danga ce, ba ta lanƙwasa. Idan aka kwance igiyar duka, tarin kara ne kawai, ka taɓa ya watse. Amma idan ɗaurin ya yi daidai, asabari ne: a haɗe yake, kuma yana naɗuwa. Narkewar cukwi ita ce saƙar ta sassauta da zafi, ta gudana, ba tare da ta tsinke ba.

Abin da ke kwance igiyar shi ne tsami. Masana na auna shi da ma'aunin da suke kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Sabuwar madara tana wajen 6.6 zuwa 6.7. Cukwin tumfafiya ba ya yin nisa da nan, yana sama da 6, don sinadarin ganyen yanka furotin yake yi, ba tsami yake kawowa ba. Kalsiyam ɗinsa na nan cif, saƙar a ɗaure. Kindirmo kuwa yana sauka wajen 4.6 ko ƙasa, inda kusan duk kalsiyam ya narke ya bi ruwa. Ba abin da zai riƙe saƙar ta miƙe, sai ta dunƙule ta zama gari. Cukwin da ke narkewa da kyau a tsakiya yake, wajen 5.2 zuwa 5.4. Wato cukwinmu na farko da na ƙyalle sun ƙi narkewa ne saboda dalilai biyu masu kishiyantar juna, shi ya sa neman mai laifi guda ya ƙi ci. Wannan shi ya fi burge ni a duk binciken.

Tafasa ma tana da nata kason, yarinyar ba ta yi hasashen banza ba. Sauran kashi 20 na furotin ɗin madara wani iri ne da a ka'ida yake bin ruwa ya fita. Idan zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, sai ya dahu ya manne a jikin kasin da ɗaurin da ba ya kwancewa, irin ɗaurin da ya sa dafaffen ƙwai ba ya komawa ruwa ke nan. Kuma ba mu kaɗai ke da cukwi mai wannan hali ba. Indiyawa na da panir, da tsami da tafasa ake yin sa, yana zama daram a cikin miya. Mutanen tsibirin Sayfurus na da halumi, na madarar tumaki da awaki, wanda ake dafa dunƙulensa a cikin ruwansa mai zafi kafin ya yi tsami, shi ya sa ake gasa shi a kan waya. Cukwin Fulani ɗan gidansu ne. Ƙin narkewarsa ba aibi ba ne, shi ya sa ake iya soya shi a jefa a miya. Na Baba maigadi kuwa ba a tafasa shi ba, amma rana ta kwashe ruwan jikinsa, kuma saƙa ba ta gudana ba ruwa. A daren farko ne kawai, kafin ya bushe, ƙwayoyin halittar da ke sa nono tsami suke ɗan saukar da shi zuwa wannan tsakiyar. Abin da yara suka gani ke nan a bakin wuta.

Sharuɗɗan sun fito fili: a tsinka ba da tafasa ba, a bar tsami ya sauka zuwa tsakiya ya tsaya, a bar ruwa a jikinsa. Abin da ake tsinkawa da shi, wanda Turawa ke kira renet, shi ne ainihin wanda Buzaye ke cirowa daga cikin ɗan akuya, kuma da shi ake yin Gruyère, babban cukwin fondu. A yau akasarin masana'antu na amfani da wanda ake samarwa daga ƙwayoyin halitta ba tare da yanka dabba ba, amma mu na gargajiyar muka samu: Baba ya sa aka taho masa da busasshen yanki daga gida.

Ga yadda aka yi. Aka ɗumama madarar zuwa digiri 63, aka riƙe ta a nan minti 30 da ma'aunin zafi a hannu. Wannan zafin na kashe cuta amma bai kai ya dafa furotin ba. Aka bar ta ta huce zuwa wajen 32, ɗumin da yatsa ke ji kaɗan. Aka zuba kindirmo mai kyau, babban cokali guda a kowace lita, aka rufe na awa ɗaya. Sannan aka zuba tataccen ruwan yankin cikin nan, aka juya sau kaɗan, aka ƙyale ta ba motsi. Kafin awa ta cika ta kama, santala guda, ba irin tsinkewar tumfafiya ba. Aka yayyanka da wuƙa, aka ɗan ƙara ɗumi zuwa wajen 38, aka tsiyaye ruwan, aka rufe dunƙulen a kwano a wuri mai ɗumi. Daga nan sai jira, domin ƙwayoyin kindirmon na ci gaba da cin sukarin madara suna mayar da shi tsami, tsamin na kwance kalsiyam sannu a hankali.

Ba mu da na'urar auna pH, kuma ba a buƙatarta. Masu yin mozarela a Italiya na da gwajin hannu: a gutsuro kaɗan, a tsoma a ruwa mai zafin wajen digiri 80, a ja. Bayan azahar aka gutsura, ya karye. Da la'asar ya ɗan miƙe sannan ya tsinke. Gab da magariba yarinyar ta ciro ɗan gutsuren da cokali, ta kama da yatsu biyu ta ja, sai ya biyo ta, siriri mai sheƙi, ya fi kamu ɗaya bai tsinke ba. Ta ƙwala wa Goggo kira. Goggo ta zo ta karɓa ta ja da kanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Nonon akuyata ne wannan?"

A daidai wannan lokacin ake tsayar da tsamin, in ba haka ba zai zarce ya koma gari. Aka barbaɗa gishiri, aka danne shi a ƙyalle, aka sa a firji. An bar shi ya kwana biyu a sanyi kafin girki, kuma wannan na da amfani: renet ɗin da ya rage a ciki yana ci gaba da yanyanka furotin, cukwin na ƙara sauƙin narkewa da ɗanɗano. Shi ya sa ba a sayar da Gruyère sai ya yi aƙalla wata 5 a ɗakin ajiya.

Girkin kansa ba shi da wuya. Aka goga tafarnuwa a cikin tukunya mai kaurin gindi, aka zuba ruwa kofi guda da ruwan lemun tsami kamar babban cokali, aka bari ya yi zafi ba tare da ya tafasa ba. Cukwin da aka goge, wajen rabin kilo, aka cakuɗa shi da babban cokali na sitacin masara. Gasarar koko busasshiya ma za ta yi. Sitacin ne ke hana mai rabuwa. Aka riƙa zubawa tafi-tafi ana juyawa, sai wannan ya narke a ƙara wani. Ba a bari ya tafasa ba ko sau ɗaya, don tafasa na ƙanƙance furotin ya tofar da mai. Aikin lemon a nan daban yake da na ranar tsinkawa: ɗan kaɗan ne, yana kama kalsiyam ɗin da ya rage don kada abin ya dunƙule ya zama igiya. Wannan dabarar ce ma ta haifi cukwin kanti mai narkewa. A 1911 wasu 'yan Suwizalan biyu, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka narkar da cukwin Emmental da wani gishiri da ake samu daga tsamin lemo, suka ga ya zauna sumul ko bayan ya huce. A 1916 James Kraft ya yi rajistar tasa hanyar a Amurka.

Ya narke. Fari, mai kauri, yana bin cokali. Muka tsoma burodi daga Sabon Gari, da dafaffen dankalin Turawa, da gurasa, kuma a bakina gurasa ta fi burodin dacewa, musamman da aka barbaɗa ɗan yajin tsire. Ɗanɗanonsa mai sauƙi ne, na sabon cukwi, ba zai yi zurfin wanda ya shekara a kogon dutse ba. Ƙarnin da ake tsoro bai fito ba, domin an raba bunsuru da masu shayarwa, an wanke hantsa kafin tatsa, kuma ana sanyaya madarar da zarar an tatso.

Akwai wata gajeriyar hanya ga wanda ba shi da renet, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin gidaje. Idan matsalar cukwin ƙyalle tsami ne ya yi yawa, ana iya dawo da shi baya. Manoman Jamus sun daɗe suna yin haka: su cakuɗa tsanannen nono da bekin soda, su bar shi har ya yi garai-garai, su narkar da man shanu a ƙaramar wuta. Ƙaramin cokali guda ya ishi rabin kilo. Muka gwada da na akuya, ya narke ya yi santsi, sai dai ba ya zare sosai. Goggo ta ce ai aikin kanwa ne, kuma ta yi daidai, dangi ɗaya ne. Illa dai ƙarfin kanwa ba ya zama ɗaya daga wannan dutse zuwa wancan, idan ta yi yawa kuma sai abin ya yi ɗanɗanon sabulu. Kada a ɗauko bekin foda a maimakon soda, ba abu ɗaya ba ne.

Ba zan ce wannan abincin kullum ba ne. Ana buƙatar madara wajen lita 10 kafin a samu kilo guda na cukwi mai tauri, jar akuya kuwa ba ta cika ba da lita ɗaya a rana ba, ga 'ya'yanta na jira. Su kansu mutanen Suwizalan ba haka kawai fondu ya zama abincin ƙasa ba. Ƙungiyar masu cukwinsu, wadda aka kafa a 1914, ita ta dage da tallarsa tun shekarun 1930 don a sayi hajarta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awakin da ke ɗaure a gidajen Palladan da Hanwa da Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a Shika kusa da mu, amma yara na tashi ba su taɓa ɗanɗana nonon akuyar gidansu ba. Ko ba a yi cukwi ba, kofi ɗaya a kunun yaro abu ne babba.

Sai dai akwai sharaɗin da ba a sassautawa. Ɗanyar madarar akuya na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa dabbobi ɓari, wadda a jikin mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi na watanni. A tsibirin Malta likita David Bruce ya gano ƙwayar a 1887, sannan a 1905 Themistocles Zammit ya gano cewa ta madarar awaki take shiga mutane. Cukwin tumfafiya tafasa na kare shi, amma hanyar renet ba ta da wannan kariya, kuma sabon cukwi na ɗanyar madara na daga cikin manyan hanyoyin kamuwa. Don haka duk wanda zai gwada wannan a gida, ya sayi ma'aunin zafi kafin ya nemi komai, ya riƙe madararsa a digiri 63 na minti 30 cur, kuma kada ya tatsi akuyar da ta yi ɓari sai likitan dabbobi ya duba ta.